Yadda ake janye yarinya daga gidansu tun tana cikinsa

A ƙarshen watan Yunin 2017 wasu mata biyu suka tayar da bam ɗin da ke jikinsu a sansanin ƴan gudun hijira na Kabalewa, cikin jihar Difa. Ranar 2 ga Yuli kuma mayaƙan Boko Haram suka shiga ƙauyen Ngalewa da dare, suka kashe mutum 9, suka tafi da mata da yara kusan 40. Mu nan Tawa a rediyo muka ji, muka yi salati, muka ce Allah ya kyauta, domin Difa da nisa. Nisan ya ragu ranar 21 ga Maris na 2021, da aka kashe mutum 137 a Intazayen da Bakorat da Wistan, cikin yankin Tiliya na jiharmu ta Tawa. Ta kudu kuma, can ƙetaren Ƙonni, wajen Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato ta Najeriya, ga Lakurawa, waɗanda kotun tarayya ta Abuja ta ayyana ƴan ta'adda a watan Janairun 2025.

In ana maganar masu shiga waɗannan ƙungiyoyi, hankalin kowa kan samari yake tafiya: babur, bindiga, kuɗin da ake ba su. Ƴan mata ba a tuna su sai an sace su, kamar 276 na Chibok a 2014 ko 110 na Dapchi a 2018. Satar gaskiya ce, kuma ita ta ci mafi yawa. Sai dai akwai wani kaso da bakinmu ke nauyin ambata. Akwai wadda ta bi miji, akwai wadda wanta ya kai ta, akwai kuma wadda aka yi watanni ana shirya ta alhali tana kwana ɗakin uwarta. Wani bincike da cibiyar nazarin ta'addanci ta makarantar soja ta West Point a Amurka ta fitar a 2017 ya ƙirga ƴan ƙunar baƙin wake 434 da Boko Haram ta tura daga 2011 zuwa tsakiyar 2017, kuma 244 daga cikinsu mata ne. UNICEF ta ce daga Janairu zuwa Agustan 2017 an ɗaura wa yara 83 bam a arewa maso gabashin Najeriya, 55 ƴan mata ne, yawancinsu ba su kai shekara 15 ba. A Disamban 2014 wata ƴar shekara 13 da ta ƙi tayar da nata bam ɗin a kasuwar Kantin Kwari ta Kano ta shaida wa ƴan jarida cewa mahaifinta ne ya miƙa ta ga mutanen.

Amsa biyu muke da ita in aka ce me ya kai yarinya can. Ko mu ce asiri aka yi mata, ko mu ce dama ba ta da tarbiyya. Duka biyun suna wanke mu. Ni dai abin da na yi imani da shi bayan bin wannan batu shi ne, mai jan yarinya ba ya fara da aƙida. Yana fara ne da duba abin da aka hana ta a gida, ya miƙa mata shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ke rayuwar ƴaƴanmu mata mu muka fi kowa saninta.

Masu bincike da suka zauna da matan da suka fito daga hannun Boko Haram, irin su Hilary Matfess da ma'aikatan International Crisis Group da na Mercy Corps, sun ji magana iri ɗaya daga bakin waɗanda suka shiga da ƙafarsu. Sun ce can sadakinsu a hannunsu aka ba su, bai bi ta aljihun uba ko kawu ba. Sun ce an ɗauke musu aikin gona da ɗaukar itace. Sun ce kullum ana zaunar da su a karantar da su Alƙur'ani, abin da da yawansu ba su taɓa samu ba a ƙauyensu. Matar kwamanda kuma tana da girma, ana jin maganarta. Ƙarshen alƙawarin kowa ya san shi: yunwa a daji, takaba kan takaba, a ɗaura miki aure da wani kafin hawayenki su bushe, wata kuma a ɗaura mata bam. Amma a tsaya a dubi abin da suka tafi nema. Sadaki, hutu, karatu, mutunci. Babu haram ko ɗaya a ciki. Sadakin ma, aya ta 4 ta Suratun Nisa'i ta riga ta ce a ba mata kayansu da daɗin rai. Haƙƙinsu aka ɗauko aka yi musu tarko da shi, kuma tarkon ya kama ne saboda a gida ba su ga haƙƙin ba.

Yanzu a dubi yarinyar Adar, wato yankinmu na Tawa. Alƙaluman binciken lafiya da yawan jama'a na 2012, waɗanda UNICEF ta daɗe tana amfani da su, sun nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an yi musu aure kafin shekara 18, kashi 28 kafin shekara 15. Kundin dokokin farar hula ya sa shekarun auren mace 15, na namiji 18, kuma yawancin aurenmu ma ba ya bi ta gabansa. Ubanta yana Abijan ko Libiya ko Aljeriya wajen bida, wani sai shekara biyu ko uku kafin ya leƙo, abin da ke haɗa su sai ɗan kuɗin da ya aiko da gaisuwar waya. Uwarta ce uba, ita ce uwa, ita ce mai neman na cefane. Yarinya ta fara talla tun ba ta iya lissafin canji ba, don a tara kayan ɗaki. In ta yi sa'a ta shiga lakkwal, da wuya ta kai aji na jarrabawar brebe. In aka yi auren bai zauna ba, ta dawo bazawara tana shekara 16 ko 17, da goyo, ba karatu, ba sana'a, gidan uban ya yi mata ƙunci, gari kuma yana mata wani kallo. Wannan ƙaramar bazawarar, a ganina, ita ta fi kowa zama cikin haɗari, kuma ita aka fi mantawa in ana shirya taron wayar da kai.

A wannan jihar tamu ce aka sayar da Hadijatu Mani a 1996, tana shekara 12, kan sefa 240,000, ta zama wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa bayan mata huɗu, a yankin Ƙonni, har sai da kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoban 2008 cewa Nijar ta kasa kare ta daga bauta. Na kawo wannan ne don a gane irin darasin da yarinya ke tashi da shi a wasu gidajenmu: ana yanke magana a kanta, ba a yanke ta da ita. Wadda ta girma da wannan darasin, ranar da wani ya tambaye ta "ke me kike so?" ya riga ya ci rabin tafiya.

Ga yadda abin kan tafi, kusa da ido. Yarinya tana tasha da tiren dafaffen ƙwai ko kwaɗon zogale, rana ta take. Wani mutum mai tsabta, mai sanyin magana, ya tsaya.

"Ƙanwata, duka nawa ne?"

"Jikka biyu da rabi, Malam."

"Ungo uku. Tashi ki tafi gida. Irinki bai kamata tana tsaye cikin direbobi ba."

Bai taɓa ta ba, bai yi mata maganar banza ba, bai ma tambayi sunanta ba. Ta koma gida da wuri, Inna ta yi murna an sayar. Jibi ya sake zuwa. Bayan mako biyu ya ce ai gara ta riƙe ƴar waya, ko don in wani ya dame ta ta kira. Yana sa mata kati. Karatunta bai yi ƙarfi ba, amma WhatsApp ba ya buƙatar karatu, murya ake turawa. Da dare, ta lulluɓa da zane, ta sa abin ji a kunne: "Kin ci abinci? Na ji muryarki ba daɗi, wa ya ɓata miki rai?" A gidan da mutum goma ke kwana, shi kaɗai ya lura muryarta ta canza.

Daga nan sai ya ja baya, ya haɗa ta da mace. Wannan mataki iyaye ba su cika saninsa ba, domin mu namiji muke tsoro. "Akwai wata Malama, za ta riƙa koya miki addini." Aka sa ta cikin zauren ƴan'uwa mata. Farko tsarki da alwala da azkar, abin da ko wace uwa za ta yi farin ciki da shi. Sannan hotuna da bidiyon Musulmi ana kashe su a ƙasashe daban-daban, wasu na gaskiya, wasu an canza musu wuri da lokaci, ana tambayarta ko zuciyarta ba ta ƙuna. Sannan a juyo gida. Layar da ke ƙugun ƙaninta shirka ce. Kakarta mai zuwa wajen boka ta fita Musulunci. Yayanta soja ko jandarma, ma'aikacin ɗagutu ne. Sallar babanta ma akwai magana. A hankali mutanen da za ta iya kai wa ƙara suna fita daga sahun waɗanda ya halatta ta saurara. Duk wannan a ƙarƙashin jumla ɗaya da ake ta maimaita mata: "Kar ki faɗa wa kowa, ba za su gane ba."

Kafin a nemi wani abu babba daga gare ta, sai an ɗaure ta. Wata da rantsuwa kan Alƙur'ani. Wata da bashi, a lissafa mata waya da kati da jikkunan da ta ci. Wata da hoto ko saƙon murya da ta san in ya fita ta gama yawo a unguwa. Sannan a fara aikenta ƙananan aike: kai wannan ƙunshin wurin wance, sayo mana magani kaza a kasuwa, in kin wuce shingen sojoji ki ƙirga su nawa ne. Ƴan bindiga suna son mace a irin wannan aiki saboda ba a cika lalube ta a shinge ba. A ƙarshe sai maganar aure da hijira, a ce mata ba ta buƙatar izinin uban da ba ya kan sunna, akwai wanda zai tsaya mata waliyyi.

Duk wanda ya san yadda ake lalata ƴan talla, ko yadda ake kwasar ƴan mata da sunan aikatau a ƙetare, zai ga hanyar guda ce. Kyauta, saurare, asiri, raba ta da nata, ɗauri. Sai a kwanar ƙarshe ake sanin ko ɗakin otal za a kai ta, ko gidan bauta a wata ƙasa, ko daji. Ko a Ingila haka ta faru. Shamima Begum tana shekara 15 ta bar Landan a Fabrairun 2015 tare da ƙawayenta biyu na makaranta, cikin kwanaki aka aurar da ita ga wani mayaƙin Da'ish ɗan Holan, ta haifi ƴaƴa uku duk suka mutu. Ba yunwa ta kore ta ba. Talauci yana sauƙaƙa wa mai ja aikinsa, yana rage masa farashi, amma akwai ƴar mai kuɗi a Yamai da ke kwana da babbar waya da kaɗaici iri ɗaya da na mai tiren ƙwai.

Me ya sa shekarun 13 zuwa 17? Lokacin ne jiki ke canzawa, zuciya ke neman wanda zai ce mata tana da daraja, hankali ke fara tambayar adalci da zalunci da zafin da babba ya riga ya manta. Lokacin ne kuma al'adarmu ke rufe mata ƙofofin magana. Uba ba a zama hira da shi. Uwa, musamman in ƴar fari ce, kunya ta hana ta ko kiran sunanta, balle ta tambaye ta wa ke kiranta da dare. Kunya abu ce mai kyau, ba na cikin masu zaginta. Amma kakanninmu da suka gina ta sun gina mata mafita: gwaggo, kaka, uwar ɗaki, yayar da ta yi aure kusa. Wurinsu yarinya ke kai abin da ba ta iya faɗa wa uwa. Yau gwaggon tana Yamai, kakar tana ƙauye, yayar an kai ta Agadas. Kunyar ta zauna, mafitar ta watse, kuma wayar da ke ƙarƙashin matashi ta gaji aikin gwaggo.

Batun addini yana buƙatar a taka a hankali, domin nan iyaye da hukuma suka fi yin kuskure. Yarinya ta sa dogon hijabi ko niƙabi, ta daina zuwa biki mai kiɗa, ta koma Izala ko ta riƙe wuridin ɗariƙa, wannan ba alamar ta'addanci ba ce, kuma wanda ya ɗauke shi haka zai tura ta inda yake tsoro. Alamar da ta cancanci tashin hankali ita ce yankewa da ɓoyo: ta daina cin abinci da ƴan gida, ta fara kafirta iyayenta, tana da kuɗi ko waya da ba a san tushensu ba, tana da malamin da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Binciken hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, na 2017 kan hanyar shiga tsattsauran ra'ayi a Afirka ya gano kashi 57 cikin 100 na waɗanda suka shiga da kansu sun amsa cewa ba su fahimci littattafan addini ba, ko fahimtarsu kaɗan ce. Yarinyar da ta sauke Alƙur'ani da baki amma ba a taɓa fassara mata aya ba, wadda in ta yi tambaya a makarantar allo ko Islamiyya sai a ce ta cika surutu, ita ce ba ta da abin mayarwa in aka jefo mata aya guda an yanke ta daga gabanta da bayanta. Kuma ba baƙon abu muke nema ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, cikin wannan jiha, ya soki malaman zamaninsa da ke barin matansu da ƴaƴansu cikin jahilci. Ƴarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin ƴan taru, tana horar da jajis, mata masu ilimi da ke bin ƙauyuka suna karantar da mata cikin harshensu. Malamai mata masu zurfin karatu, waɗanda yarinya za ta iya yi wa kowace irin tambaya ba tare da an kunyata ta ba, sun fi shingen soja goma amfani a wannan fage.

Kada kuma hoton baƙo mai waya ya rufe mana ido daga ƙofar da ta fi faɗi, wato gida da aure. Rahoton UNDP na biyu, na 2023, wanda ya ji ta bakin mutum kusan 2,200 a ƙasashe 8 har da Nijar, ya nuna maza sun fi ambatar neman aikin yi, mata kuwa sun fi ambatar bin miji ko dangi. Yarinyar da aka tarbiyyantar kan cewa aljannarta tana ƙarƙashin ƙafar miji, aka aurar da ita tana 14, in mijin ya ce gobe za mu tashi, da wane baki za ta ce a'a, kuma wa za ta faɗa wa? A ƙauyukan da ƴan bindiga ke karɓar zakka da ƙarfi, aure hanya ce ta kafa saiwa. Wanda ya auri ƴar gari ya samu suruki, ya samu mai dafa masa, ya samu bakin da ba zai tona shi ba. Amnesty International ta rubuta a 2021 yadda a yankin Torodi na jihar Tilaberi aka hana mata da ƴan mata fita harkokinsu, ana kuma fargabar aurar da su dole ga mayaƙa. Uban da ya ba da ƴarsa a irin wannan hali sau da yawa kansa da garkensa yake fansa. Ba na wanke shi, amma wa'azi kaɗai ba zai hana shi ba muddin babu mai tsaron ƙauyen.

Akwai kuma ƙuna. A binciken UNDP na 2017 ɗin nan, kashi 71 cikin 100 na waɗanda suka shiga sun ce abin da ya tunkuɗa su a ƙarshe wani aiki ne na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Muna ɗauka wannan na maza ne. Yarinyar da aka tafi da wanta a gabanta bai dawo ba, ko Bafillatana ko Buzuwa da ake nuna wa yatsa a kasuwa ana cewa ga ƴan'uwan ƴan ta'adda, tana ɗauke da wuta iri ɗaya, kuma mai ja ya san yadda ake hura ta.

Abin da muke yi in mun gano, shi ya fi ba ni tsoro. A ƙwace waya, a yi mata dukan kawo wuƙa, a tara dangi a tozarta ta, sannan a ce maganinta aure, a nemo wanda ya samu cikin wata guda. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana gaskata abin da mutumin ya faɗa mata tun farko, cewa ba a sonta, ba za a gane ta ba. Lambarsa tana kanta, wayar ƙawa tana nan. Auren gaggawar kuma ya cire ta daga makaranta, ya raba ta da ƙawaye, ya kai ta gidan da ba mai sa mata ido, kuma in ya mutu ya dawo da ita cikin rukunin da na ce ya fi kowa haɗari. Gwaggon da za ta ja ta ɗaki ta ce "ɗiyata, zauna, ba dukanki zan yi ba, faɗa mini tun daga farko," ta fi kusa da ceto ta, kuma ita ce za ta samo sunan mutumin da lambarsa, abin da duka ba ya fitarwa.

Makaranta tana da nata rabo. Rahoton UNDP na 2023 ya ƙiyasta cewa kowace shekara guda ta ƙarin karatu tana rage yiwuwar shiga da kashi 13 cikin 100. Dokar shugaban ƙasa ta 5 ga Disamban 2017 ta yi alƙawarin kare yarinya har ta gama karatu, an kuma fara gina makarantun kwana na ƴan mata a zamanin tsohon shugaban ƙasa Bazum, ga shirin Illimin da ke tara ƴan mata a wuri amintacce da wata babba mai koya musu. Amma ɗaruruwan makarantu sun rufe saboda rashin tsaro, mafi yawa a Tilaberi, wasu a arewacin Tawa, kuma ƴan matan da suka baro su suna zaune a gefen garuruwanmu a matsayin ƴan gudun hijira, ba aji, ba gona, ba dangi kusa.

Igiyar ƙarshe da ake riƙe yarinya da ita a daji ita ce, "ko kin koma ba za su karɓe ki ba." A Borno an kira waɗanda suka dawo annoba, an guji ƴaƴan da suka haifo, kamar yadda rahoton UNICEF da International Alert na 2016 ya nuna, har wasu suka gwammace su koma inda suka fito. Nijar ta buɗe cibiyar tubabbu a Gudumariya bayan tayin afuwar da aka yi a Disamban 2016, kuma a 2017 ta sa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya kan yarjejeniyar cewa yaron da aka samu tare da ƙungiyar ƴan bindiga a miƙa shi ga ma'aikatan kare yara. Muna da alƙalan yara, muna da sashen ƴan sanda mai kula da mata da ƙananan yara. Uwar da ta ga baƙuwar waya a ƙarƙashin tabarmar ɗiyarta a Tawa ko Madawa ko Abalak ba ta san da wannan ba. Abin da ta sani shi ne in ta je jandarmari za a iya riƙe yarinyar, sunan gidan ya ɓaci, ba mai sake neman ƙannenta. Don haka take yin shiru. Gidajen rediyonmu da limaman Juma'a da masu unguwanni su ya kamata su riƙa faɗa da Hausa da Tamashek da Fulfulde cewa yarinyar da ba ta kai 18 ba wadda aka ja, abin da aka amince shi ne a miƙa ta ga ma'aikatan kare yara, su kuma faɗi ofishin da za a je da wanda za a tarar a can.